Baba Danne da Muryata

Duk wanda ya taɓa zuwa biki tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni ya san yadda Malam Iliya mai sauti yake fara aiki. Zai girke mikisarsa, na'urar haɗa sauti irin ta zamanin nan mai allo kamar waya, ya murɗa nan, ya latsa can, sannan ya cire hularsa ya kifa a kan allon. Shi ke nan! Ko uban ango ne ya matso, sai ya ji, "Alhaji, hannu a aljihu!"

Abin da hular ke gadi shi ne kwamfuresa, wani saiti a cikin mikisar da ke danne murya in ta yi sama, ya ɗago ta in ta yi ƙasa. Wallahi ya fi ƙaunar abin nan a kan tuwo, shi ya sa muka sa masa Baba Danne. Ni kuwa Sabo, mai gabatar da taro, da ihu nake ciyar da iyalina. Kun ga an haɗa maƙiya.

A wata walima a Darmanawa, wani ɗan takarar kansila ya karɓi makirfo yana ta daka tsawa, sifika kuwa tana fitar da maganar a natse kamar mai lallashin yaro. Ya tako har gaban tebur.

"Malam, ƙaro min murya!"

Baba Danne ya ɗaga hular, ya kama maɓallin wani layi da ko waya ba a jona masa ba, ya murɗa shi har ƙarshe, fuska a murtuke.

"Yanzu fa, ranka ya daɗe?"

"Yauwa! Yanzu ka yi aiki."

Tun daga ranar yake barin layin nan a sake, wai na manyan baƙi ne.

Ko Fasto Emeka, da ke ɗaukarsa aiki in cocinsu na Tarauni na taro, bai tsira ba. Ya ce masa, "Malam Iliya, wa'azina ba ya fita da ƙarfi."

"Yana fita, Fasto, da ladabi ne kawai. Ka duba jariran can, barci suke. Iyayensu kuma sun ji ka."

Abin haushin, shi kansa ba ya magana sai da ihu, don sifika ta cinye masa kunne. In yana gulmarka a teburin mai shayi, kana tsallaken titi za ka ji sunanka.

Ni na fi kowa shan wuya. In na cika ƙirji na ce "Jama'aaa!", sai abin ya fito kamar ina gaida suruki. Na yi fushi, na yi roƙo, har sabon makirfo na sayo. Ya juya shi, ya yaba, ya ce, "Makirfo naka ne, Sabo, amma ta gidana zai wuce." Saitina ma daban ya adana a cikin mikisar, ya sa masa suna Jiniya. Ranar bikin 'yata na ce, "Don Allah yau kaɗai ka sake ni, surukaina su ji ni." Ya ce, "Don su na ƙara dannewa."

Da Allah ya yi masa rasuwa, ranar addu'arsa babban ɗansa Nura ya girke mikisar a ƙofar gida, aka ce ni zan yi wa jama'a godiya. Nura ya tambaya, "Baba Sabo, in cire saitin?" Shekara da shekaru nake jiran wannan tambaya. Na dubi hular mahaifinsa da ya kifa a kan allon, na ce ya bar shi.

Na cika ƙirji, sai ihun ya ƙi zuwa. Abin da ya fito bai wuce raɗa ba: "Iliya abokina ne." Ni kaina da ƙyar na ji. Amma Jiniya ta ɗago maganar nan ta kai ta har ƙarshen layi, da rawar muryar da komai, har mata suka amsa da kuka daga cikin gida. Mutumin nan, ko a kabari sai da ya tona min asiri!

Na yi kewarka, Baba Danne. Allah ya jiƙanka, ya danne kurakuranka, ya ɗago ɗan alherin da ka yi a ɓoye har a ji shi. Amin.