Kartar Malam Muttaka

Malam Muttaka na Dukawuya ya yi shekara ashirin da bakwai yana akawu a shagon yadi na wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, a Kantin Kwari. A can ya koyi wani wasan karta da mutum ke yi shi kaɗai. Da ya bar aiki sai ya buɗe zaurensa yana rubuta wa mutane wasiƙa da cike musu takardu.

Bayan la'asar, in ba mai jiransa, yakan shimfiɗa tabarma ya gauraya kwali biyu, karta ɗari da huɗu. Zai jera layi goma a kife, ta saman kowane layi ce kawai a buɗe, ragowar ya ajiye gefe. Ana ɗora tara a kan goma, takwas a kan tara, haka har ƙasa. In ka haɗa iri ɗaya tun daga sarki har ɗaya, sai ka kwashe su. Ka yi haka sau takwas, ka ci. In wasa ya cije, ka raba goma daga ragowar, ɗaya a kan kowane layi. Malam yakan yi mako biyu bai ci ba, kuma ko a jikinsa.

Mutum ɗaya ya taɓa koya wa, Ilu mai kayan gini, abokinsa tun suna yara. Ilu ba shi da haƙuri, da ya ga ya cije sai ya kai hannu zai raba.

"Dakata, mutumina," in ji Malam. "Fara tono na kife. In layi ya zama fili, kar ka toshe shi da sarki don kawai ka ga wuri. Da filin nan za ka riƙa juya sauran."

Shekara shida Ilu yana zuwa zauren. Ranar da ya fara ci, balangu ya sayo suka yi biki su biyu.

A 1998, da soja suka ce za su miƙa mulki, dattawan unguwa suka nemi Malam ya tsaya takarar kansila, don rabin wasiƙun unguwar da hannunsa aka rubuta su. Ya ce shi ba ɗan siyasa ba ne. Ilu ya yi ta sintiri har ya yarda.

Ranar Asabar da hantsi 'yan jam'iyya suka taru don tabbatar da shi. Ana shirin ɗaga hannu sai Ilu ya miƙe.

"Jama'a, ban so in faɗa ba, amma amana ce. Kullum karta a zauren nan, har kwali biyu. Ku tambaye shi in ƙarya nake."

Alhaji Sule, shugaban taron, ya juyo. "Malam Muttaka, haka ne?"

"Haka ne, Alhaji. Amma ni kaɗai nake yi. Ba caca ba ce."

Wani daga can bayan taro ya ce shi bai taɓa ganin ɗan karta ba abokin wasa ba, aka yi dariya. Malam ya dubi Ilu, don shi kaɗai ne zai iya ba da shaida. Ilu yana ta gyaran hula. Kafin azahar an tsayar da Ilu. Daga baya aka ji cewa tun kwana goma kafin taron aka buga fastocinsa.

Masu kawo wasiƙa suka ragu. Matarsa Sa'adiyya ta ce, "Malam, ka ba ni kartar nan in sa a murhu." Ya ce kartar ba ta yi masa komai ba. Sai dai ya daina shimfiɗa ta a zaure, ya koma ɗaki.

Bayan an rantsar da Ilu, ya zo da buhun shinkafa. Malam ya ba shi wurin zama, suka gaisa.

"Abu ɗaya nake son sani, Ilu. Tun da kana son kujerar, me ya sa ka matsa mini in tsaya?"

Ilu ya ce, "Da ba ka tsaya ba, Shehu tela za su tsayar. Shi kuwa ba ni da abin faɗa a kansa."

Malam ya gyaɗa kai, ya raka shi bakin ƙofa, ya ce ya tafi da shinkafarsa. Malam ya yi shekara tara a duniya bayan haka. In sun haɗu a masallaci yakan amsa sallamar Ilu, ya ɗauki takalmansa ya wuce.