Gonar da Gwaggo Ta Share

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ba ta iya ganin abu a yashe ta wuce. Shekara ashirin tana sayar da itace, har daji ya yi nisa, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ana nan wasu masu koyar da sana'a suka zo suka nuna yadda ake mayar da kara da totuwar masara gawayi. Mata talatin suka je kallo, ita kaɗai ta dawo gida da tsohuwar ganga a ka.

Aikin yana son ido. Sai ta cika gangar da kara, ta kunna wuta, ta tsaya tana kallon hayaƙi. Da ya daina tuƙuƙi ya sirance, sai ta rufe, ta liƙe bakin da laka. Kashegari ta daka abin da ya ƙone, ta kwaɓa da ruwan sitaci, ta ɗura a guntun bututu tana dannawa, ta jera curin a rana. Gawayinta ba hayaƙi, ba tartsatsi. Masu guga da masu shayi suka yi mata caa, har sunanta ya ɓace, sai Mai Ganga.

Karan daga gonar Baba take kwasowa, gonar da ke ciyar da gidanmu da nata. Da farko murna ya yi.

"Kwashe, kin hutar da ni," in ji shi.

To, Gwaggo ba ta san rabin aiki ba. Har tushiya take tonewa, ganye ma da tsintsiya take binsa. In ta gama, gonar tas kamar tsakar gida. Maƙwabcinmu na gona kuwa, mai barin kara ya ruɓe inda ya faɗi, ta sa masa suna Sarkin Lalaci.

A shekara ta huɗu masararmu ta tsaya iya ƙugu. Baba ya zargi iri, ya zargi damina. Rumbu bai kai rabi ba. Bayan girbi Gwaggo ta turo baronta kamar kullum, ina biye da ita, muka tarar da Baba tsaye a kan iyaka. Bai amsa gaisuwa ba. Ya tsallaka gonar Sarkin Lalaci, ya ɗaga wani ruɓaɓɓen kara, ya damƙo ƙasar da ke ƙarƙashi: baƙa, mai danshi, ta dunƙule a hannunsa. Ya dawo tamu ya damƙo, ta zurare ta tsakanin yatsunsa.

"Yaya, shara ce fa nake kwasa," ta ce.

"Ni ma haka na ɗauka. Ashe abincin ƙasar ne. Ke kin ci, ni na ci, ita muka bari da yunwa."

Gwaggo ta sunkuya ta kama hannun baronta. Ta juya baron ba komai a ciki. Na ji tausayinta, kuma har yau ina jin haushin masu koyarwar nan, da suka faɗi yadda ake ɗauka ba su faɗi nawa ake bari ba.

Daga nan totuwa kawai take ɗauka, sai ɓawon gyaɗa daga wajen masu inji. Gangar da ke ci kullum ta koma sau biyu a mako. Masu guga da yawa suka gaji da jira suka koma wani wuri. Ba ta yi ƙorafi ba. Garin gawayin da ya zube ma tarawa take, ta gauraya da kashin awaki ta kai gona.

Ƙasa kuwa tana da riƙo. Shekara biyar muna lallashi, masara na ɗagowa kaɗan-kaɗan, Baba na tsufa har ya daina fita.

Bara, bayan ruwa na uku, sai ga Gwaggo ta shigo gidanmu da sauri, laka har idon sawu, hannu a dunƙule. Ta tsaya a ƙofar ɗakinsa.

"Yaya, tashi ka ga baƙuwa."

Ta buɗe tafinta. Tana ce guda ɗaya, tsutsar ƙasar nan da muka daɗe ba mu gani a gonar ba, tana mutsu-mutsu cikin baƙar ƙasa. Baba ya daɗe yana kallo.

"Mayar da ita inda kika samo ta," ya ce. "Aiki take yi."