Wayar da Sidi Ya Cire

In ka sauka tashar Filingue ka tambayi garejin Sidi, cewa za a yi ka bi ƙarar ƙararrawa. Duk motar lantarki, ko mai haɗa batir da fetur, da ta fito daga hannunsa, za ka ga 'yar ƙararrawar awaki ɗaure a ƙarƙashin gabanta. Baƙi kan yi dariya. Mutanen gari ba su yi.

Sidi bakanike ne tun yana da gashi a ka, yanzu kuwa tsakaninsa da wanzami sai gaisuwa. Sunan da ya yi, a kan kashe ƙara ya yi shi. Direbobin Yamai kan kawo masa motar da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa, ya karkata kai, ya saurara, ya shiga ƙasa, ya fito, mota ta yi shiru kamar surukar da ta zo baƙunta.

Kunnen nan kuwa aro ne daga wansa Kailu. Ƙyanda ta tafi da idanun Kailu tun yana yaro, sai kunnuwansa suka gaji aikin. Kullum da safe yakan fito gida da sandarsa, ya tsallaka kwalta shi kaɗai, ya zauna a benci ƙarƙashin itacen bedin gareji yana tufkar igiyar da makiyaya ke saye ranar kasuwa. Daga zaunen yake sanin motar kowa.

"Ga motar garin Sanam nan tahe," in ji shi, "har yanzu ba ta daina tari ba. Autan Inna, aikinka ne ko?"

"Yaya, ka ji da igiyarka."

"Igiyata ba ta taɓa mutuwa a hanya ba."

Sau ɗaya Sidi ya yi ƙarfin halin cewa a samo masa ɗan jagora, tunda motoci sun yi yawa. Kailu ya ajiye kaba ya ce, "Ni da na goya ka? Ran da kunnena ya yi mini ƙarya, rannan zan zauna gida." Tsallaka kwaltar nan ita ce sarautarsa, kuma ba shi da wata.

Da motocin batir suka fara shigowa daga Yamai, bakanikai da yawa suka ce ba ruwansu da motar da ke kama mutum kamar aljani. Sidi ya ƙi tsufa. Ya je Yamai wurin wani abokin sana'a, ya koyi abin da ya samu: kada a taɓa wayoyi masu launin ruwan lemu sai da safar hannu ta roba, a zare makullin babban batir kafin a sa hannu, a riƙa share fankar da ke sanyaya batir, don ƙaiƙayin hatsin nan na ƙasar Kurfai ba abin da yake so kamar fankar nan. Ya dawo yana taƙama.

Sai Albarka, wani mai fataucin tumaki, ya kawo tasa motar. Ya ce lafiyarta lau, abu ɗaya ne: in tana tafiya a hankali, wani kuka take yi siriri, kamar iska a bakin kwalba.

"Matata ta ce ba ta ƙara shiga sai an yi mata rukiyya," in ji Albarka.

"Matar ko motar?"

"Kai dai gyara wadda ka iya."

Sidi ya bi kukan da kunne har bayan ƙarfen gaba. Ya tarar da 'yar lasifika, ba ta kai tafin hannu ba. Ya ce wannan kuma wane shashanci ne, rediyo a ƙarƙashin mota? Ya zare wayarta, ya naɗe da salatif. Mota ta yi tsit. Albarka ya tafi yana sa albarka, abin da ba ya wuya ga mai sunan.

Abin da ba a koya wa Sidi a Yamai ba shi ne, kukan nan ba ciwo ba ne. Motar in tana tafiya a hankali, batir kaɗai ke janta, injin na barci. Da gangan masu ƙera ta suka sa mata murya, saboda masu tafiya a ƙasa, musamman waɗanda ba su gani.

Ranar kasuwa da hantsi Kailu ya tsaya bakin kwalta kamar kullum. Ya ji amalanken jaki ya wuce. Ya ji babur can nesa wajen tasha. Ya ji babu komai kusa, ya sa ƙafa. Albarka na tahowa da motarsa sannu a hankali, idonsa na kan wasu raguna da ake saukewa. Ba gudu, ba ƙarar birki. Tura shi kawai ta yi, ƙugunsa ya daki kwalta ya karye.

Ƙashi ya ɗoru kafin kaka. Kailu ya miƙe, har yana zagaya tsakar gida da sanda. Amma ƙofar gida ya ƙi ta.

"Kunnen ya mutu, Auta," in ji shi. "Mota guda har jikina, ban ji ta ba. Na hwaɗa maka ran da ya yi mini ƙarya zan zauna."

A lokacin Sidi ya riga ya sani, don ya kira abokin nan na Yamai ya tambaye shi aikin lasifikar. Sai wata la'asar ya karɓo motar Albarka, ya mai da wayar, ya kawo ta ƙofar gida a hankali tana kukanta siriri. Daga cikin zaure Kailu ya ɗaga kai.

"Wagga kuma ta wa ce? Ban san ta ba."

"Ita ce, Yaya. Haka take kuka da can. Ni na cire mata murya. Kunnenka bai yi ƙarya ba."

Kailu ya daɗe yana murza kan sandarsa. Sidi ya so a zage shi, ko a ɗaga sandar nan a sauke masa a tsakar sanƙo.

"To," in ji Kailu, "aikinka ya yi kyau, Autan Inna. Ko kaɗan ban ji komai ba."

"Yaya, gobe mu tahi gareji. Na gyara ta."

"Wagga ka gyara. Sauran da ke tahowa daga Yamai fa, duk kai ke gyara su?"

Tun daga rannan, duk wadda ta shigo hannun Sidi, lasifikar nan yake fara dubawa kafin batir, kafin fanka. Tana aiki ko ba ta yi, sai ya ƙara ƙararrawa. In mai mota ya yi gardama, sai ya ce masa ga hanya nan, akwai gareji a Yamai.

Kailu na tufkarsa a zaure yanzu, makiyaya na bin sa can. Bencin na nan ƙarƙashin bedi. Da safe Sidi kan kakkaɓe shi da tsumma, in direba ya zo zama ya ce masa da mai wuri, ya miƙa masa tsohuwar taya.