Jif ɗin da Hajiya Ta Ƙi Shiga

Har yau ranar nan ba ta fita daga raina ba, ranar da na zauna a gaban jif ɗin Alhaji Uba ina jin nishin mahaifiyarsa a bayana. Daminar 1999 ce, soja ba su daɗe da miƙa mulki ba. Lokacin ni ne babban mai gyaran ƙafa a garejinmu na Gwammaja. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, ƙafar mota ita ce duk abin da ke tsakanin taya da jiki, su sifirin da shokozoba mai shanye girgiza da bushin, wato robobin mahaɗa. Inji na wani ne, waya ta wani ce, ni rabona ƙasa, kullum a kwance cikin baƙin mai.

Alhaji Uba ɗan kasuwar hatsi ne, gidansu a Madabo. Siyasa na dawowa ya tsunduma, jam'iyyarsu ta ɗora masa zagayen ƙauyuka. Ya sayar da ƙaramar motarsa ya sayi tsohuwar jif, ya ce a ɗaga masa ita, don in ta cika da mutane cikinta na dukan ƙasa a hanyar karkara. Sifirin ɗin bayanta irin na falle-fallen ƙarfe ne da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya. Na ƙara falle biyu a kowane gefe, na ɗaga gaban ya yi daidai, aka sa manyan tayoyi. Ta fito tana kallon sauran motoci daga sama.

Ba a jima ba direbansa Garba ya dawo da ita. Ya ce, "Malam Habu, Hajiya ta ce motar nan karya mata baya take yi." Hajiya, mahaifiyar Alhaji, na fama da ciwon ƙugu. Likita ya sa mata gashin ƙashi duk mako, ya kuma gargaɗe su cewa in aka yi wasa da shi za ta daina takawa. Ita kuwa ta fara cewa gara ciwon da hanyar.

Na bi tsarin da muke bi. Na fara da iska, na tarar mai faci ya ɗura wa tayoyin kamar na tirela, na rage. Na duba shokozoba, na ga sun yi gajeru tunda mota ta ƙara tsawo, na sa dogaye. Na sassauta ƙusoshin bushin, na sauke motar daga jak, na sake ɗaure su tana tsaye da nauyinta. Duk gyaran da na yi sai mu fita gwaji. To, motar ɗan siyasa ba ta zuwa gareji ita kaɗai. Kullum da 'yan rakiya a ciki, masu hular jam'iyya, kuma ba mai yarda a bar shi a ƙasa. Mu cika ta maƙil mu zaga, ta riƙa haɗiye ramuka lafiya lau. In ce wa Garba ta warke. Mako na zagayowa ga shi nan tsaye a kaina, ya ce Hajiya ta kwana ba ta runtsa ba.

Na gaji. Wallahi na gaji da motar, na gaji da fuskar Garba, har a raina na fara cewa tsufa ne kawai ake jingina wa aikina. Da aka zo inda ta ƙi zuwa asibiti gaba ɗaya, sai na roƙi Alhaji ya lallashe ta, ni kuma in bi su in ji da jikina.

Muka isa Madabo da hantsi, an kwana ana ruwa. Jif ba ta shiga lungunsu, a bakin titi muka tsaya. 'Yan rakiyar nan suna hango Hajiya tafe, 'yarta na riƙe da ita, sai suka sulale ɗaya bayan ɗaya suka tsuguna suna gaisuwa. Ba wanda ya koma ciki. Wa zai zauna kafaɗa da kafaɗa da uwar maigidansa? Aka kawo kujerar tsugunno ta taka, da ƙyar ta hau. Ni ma don aiki ne na zauna a gaba, kaina a sunkuye.

A ramin farko bayan motar ya yi tsalle kamar jaki ya yi harbi. Na ji ta ce "wash" a hankali, irin na wanda ba ya son a ji. Rami na biyu ta kama salati. A nan na gane. Sifirin da aka ƙara wa ƙarfi nauyi yake so, in bai samu ba, ba ya lanƙwasa, duk abin da taya ta taka sai ya miƙa wa na zaune. Motar da muke gwadawa ta mutum goma ce. Wadda Hajiya ke shiga ta tsohuwa ce da 'yarta, su biyun ba su kai buhun gero biyu ba.

Da yamma na sami Alhaji a zaurensu, idonsa ja don gajiya. Na ce, "Alhaji, ba abin da ya lalace. A cire fallen da na ƙara, Hajiya ta huta. Amma motar za ta sauko, ba za ta ƙara ɗaukar jama'ar nan zuwa ƙauye ba."

Ya ce, "Malam Habu, duk wanda na sauke yau, gobe yana ƙofar gidan abokin hamayyata."

Na ce, "To a samo mata tasi ranar asibiti."

Ya dube ni. "A ce mahaifiyata a tasi, ga mota a ƙofar gida? Me unguwa za ta ce? Ba wata dabara?"

Dabara akwai, amma rabin magani ce, na kuma faɗa masa haka. A loda buhunan yashi a baya ranar asibiti. Ya ce a yi.

Garba ne ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Hajiya ta fito ta tarar ana jibga buhuna, ta tambayi na mene ne, ya yi mata bayani. Sai ta ce, "Wato motar ba ta san da ni ba sai an haɗa ni da yashi. Ku gaya masa na yafe gashin." Ta juya gida. Ba rarrashin da ba a yi ba, har tasin da ake jin kunya aka kawo daga baya, ta ce ta riga ta yafe.

Bayan kaka Alhaji ya zo gareji, shi da Garba kawai. Bai zauna ba. Ya ce, "Cire." Kafin azahar na gama, muka zaga mu uku, mota ta yi laushi yadda ya kamata. Na ce Hajiya za ta ji daɗi. Alhaji ya juya fuskarsa waje. Garba ne ya ce min ƙasa-ƙasa ai ba ta iya zama yanzu, sai an juya ta.

Shi ya sa, ku yaran gareji, nake damunku da tambaya kafin ku ɗauki sifana. Wa ke shiga motar, su nawa, ina ake kai su? Ku gwada ta yadda ake hawanta, ba yadda aka kawo ta ba. Kuma ku sani, wani lokaci za ku gano ciwon sarai, ku faɗi maganin, mai mota ya ce ku nemo wata dabara, don ba motar ce ta gagare shi ba. Aikin da na yi rannan bai kai na rabin yini ba, kuma tun damina ina da sifanar.