Ɗan Mutumin da Malam Ya Bari a Bakin Ƙofa

Ni ban iya rubutu ba. Faɗa nake yi, 'yata ta fari tana rubutawa, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira.

Malam mijina ya faɗi ne a gona, lokacin yankan gero. Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, ƙafar ma haka, harshe ya yi nauyi har sai wanda ya saba da shi ke gane abin da yake faɗa. Hannun hagu ya rage, shi ma rawa yake yi, yatsa ɗaya ne kawai ke zuwa inda aka aike shi. Mutumin da bai saba zama ba ya koma kallon rufin ɗaki daga safe har yamma.

Mukan kai shi gashin ƙashi Dutse, don ƙauyenmu ba nisa. A kan bencin jira ne wani dattijo mai irin ciwonsa ya matso kusa da shi, ya nuna masa waya. Wani ɗan mutum ne a ciki, tsaye a gaɓar ruwa kusa da kwale-kwalensa da ya ɓule. Dattijon ya ce wannan wasan ba irin na yara ba ne, ba mai korarka, ba mai harbinka. Inda ka taɓa nan zai je, abin da ka taɓa shi zai ɗauka, in ka bar shi ya tsaya yana jiranka ko har gobe. Aka tura wa Malam cikin wayarsa, wadda 'yata ta saya masa don sauraron karatu. Ba mu sake ganin dattijon a bencin ba, ban kuma san sunan garinsu ba.

Da mai kwale-kwale ya samu ya haye, Malam ya miƙo mini wayar ya ce, "Wani."

Haka na zama mai neman wasa da furfurata. Na je rumfar masu tura fina-finai a kasuwar Dutse, na sami wani magidanci mai yawan barkwanci. Ya dube ni ya ce, "Inna, ke ma kin shigo layin 'yan gem ɗin?" Na ce ba ni ba ce, na Malam ne. Ya cika mini waya da tseren motoci da sojoji. Malam ya taɓa sau biyu, motar ta daki gini, ya ture wayar ya juya fuska bango. Ranar bai ci tuwo ba.

Na koma na yi wa mutumin bayani. Na ce wanda ake yi da yatsa ɗaya nake so, kuma abin taɓawar ya zama babba, don hannun rawa yake yi. Kada ya zama mai yawan rubutu, don mun taɓa samun wani da mutanen ciki ba sa buɗe maka hanya sai ka karanta Turancinsu, ni da Malam muka yi ta kallonsu suna kallonmu. Kada kuma ya zama mai neman data, don irin waɗannan ne ke jefo maka tallar mata suna rawa a tsakiyar wasa, ga baƙi a zaune sun zo dubiya. Daga baya na sami gwajina. In mai rumfar ya buɗe mini sabon wasa, sai in ajiye wayar a kan bencinsa in naɗe hannu, in yi ta kallo. In wani abu ya sami ɗan mutumin saboda ban taɓa ba, sai in ce a cire. In ya tsaya yana jira, sai in ce a bar mini. Mai rumfar ya riƙa ce wa maƙwabtansa ga alƙaliya ta zo, kowa ya yi shiru.

Matan da muke haɗuwa a gashin ƙashi suka fara tambayata, masu jinyar miji da masu jinyar uwa. Sunayen wasannin ban sani ba, sai na sa musu nawa. Nakan ce ku je ku ce a ba ku na mai kwale-kwale, shi ya fi sauƙin farawa. In mara lafiyarku mai son dariya ne, ku ce na tsohuwa mai neman akuyarta. Mai rumfar ya haddace sunayen nawa, da an faɗa ya san abin da ake nufi.

Na ƙarshen da ya ba ni, sai da ya yi jim kafin ya tura. Ya ce ya cika sharuɗɗana duka, amma shi bai so shi ba, shiru ya yi masa yawa.

Gari ne babu kowa. Katangun kamar na ƙasa, irin namu. Akwai rijiya, akwai bishiya ba ganye. In ka shiga gida sai ka tarar da tukunya a kan wuta tana tafasa, takalma a bakin ɗaki, amma ba mutum ko ɗaya. Ba kiɗa, sai iska, da wata ƙara can nesa kamar ana daka. Malam ya so shi fiye da duk na baya. Duk ƙofar da ɗan mutumin zai shiga, sai Malam ya yi sallama da nauyin harshensa, ya ɗan jira kamar za a amsa, sannan ya taɓa. Da farko dariya na yi. Daga baya ni ma na riƙa kasa kunne tare da shi.

A ƙasan wayar akwai jaka inda abin da ya tsinta ke taruwa. Da tafiya ta yi nisa, abin da ya rage a ciki igiya ce, da fitila, da ludayi, da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa. Da su ya isa wata shuɗiyar ƙofa a saman matakala, a nan kuma ya tsaya. Duk ranin nan kullum bayan azahar sai ya sa in jingina shi da filo, in zauna gefensa, mu kalli ƙofar. In ce gwada igiya, ya gwada. In ce haska da fitila, ya haska. In na ce ƙarfen fa, sai yatsan ya yi wajen, ya kauce. Na ɗauka rawar hannu ce. Na ce bari in je wajen mai rumfa ya bincika mana yadda ake buɗewa, sai ya kaɗa mini yatsa, a'a.

Ya rasu da farkon damina, bayan la'asar, ina ba shi ruwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Na shiga takaba. Yayarsa, wadda ta girme mu duka, ta zo ta zauna da ni. Ta ba ni wata 'yar wuƙa ta ce in riƙa yawo da ita ko bayan gida za ni, haka aka yi musu a zamaninsu, don kada mamacin ya riƙa zuwa wa matarsa. Na karɓa don girmanta. A raina kuwa cewa nake, ina ma zai zo.

Da mutane suka ragu, wata rana da tsakar rana na ɗaga filonsa na ga wayar. Na aika aka yi mata caji, na kunna. Ga ɗan mutumin nan a bakin shuɗiyar ƙofa, inda Malam ya bar shi. Ban taɓa lura da shi sosai ba sai ranar. Kafaɗunsa na hawa suna sauka, numfashi yake yi. Hannu ɗaya a sake yake a gefensa. In an daɗe ba a taɓa shi ba, sai ya juyo a hankali ya kalli waje, wajen wanda ke riƙe da wayar, ya daɗe yana kallo, sannan ya mai da fuska ga ƙofa.

Ban taɓa komai ba. Yatsan Malam ne ya kawo shi nan, shi ya tsinci kayan da ke jakar. Rigunansa an raba, an share ɗaki an yi turare. Wannan ne kaɗai abin da ya rage yadda ya ajiye shi.

Kullum bayan azahar sai in kunna in zauna. Nakan gaya masa an yi ruwa, gero ya tsiro. Wata rana ƙarar dakan nan ta yi kusa, har na fita tsakar gida in ga wace ce ke daka cikin wannan rana. Turmi a kife yake, kaji ma sun laɓe a inuwa. Na dawo na tarar fuskar wayar ta yi duhu da kanta. Ban sani ba ko daga cikinta nake ji, ko daga wani wuri.

Yaya ta shigo ta same ni ina yi masa sannu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Da wa kike magana?"

Na nuna mata. Ta leƙa, daidai lokacin ya juyo. Ta ja da baya tana salati.

"Riƙe shi kike yi," in ji ta. "Mutum ya tafi, kin tsayar da shi a ƙofa kamar baƙon da aka hana shiga."

Na ce, "Yaya, zane ne fa."

Ta ce, "In zane ne, me kike gaya masa labarin gero?"

Na san Malam yana wajen Ubangijinsa, ban yi shakkar haka ba. Amma ban iya daina kunnawa ba.

Sai mai caji ya aiko cewa batirin ya kumbura, bayan wayar ya fara ɗagawa, shi ba zai ƙara haɗa ta da wayoyin mutane ba. Ni ba dama in fita. 'Yata ta kai wa mai rumfa. Ya yi mata gaisuwa, ya duba, ya ce wayar ta tsufa, in aka buɗe ta ba lalle ta sake tashi ba, in aka bar ta ma kwananta ya kusa ƙarewa. Ta tambaya ko za a iya ɗauke wasan a mai da cikin tata. Ya ce wasan zai zuba mata, amma inda Malam ya tsaya a cikin wannan wayar kaɗai yake zaune.

Ta dawo mini da tata wayar. Na buɗe. Ɗan mutum a ƙofar gari, jaka ba komai. Kamanninsu ɗaya, amma wannan baƙo ne, ko juyowa ya yi ba na jin komai.

Na ce bari in bi hanyar da wannan, in ga abin da ya gagari Malam ba tare da na taɓa nasa ba. Na sha wuya, don wasu wuraren ya wuce su ne ina madafa. Na yi ta taɓa katanga da duwatsu. Ƙarfen nan a ƙarƙashin dutsen bakin rijiya na same shi. Da na hau matakala na iso shuɗiyar ƙofa, na ɗauki ƙarfen na ɗora a kanta, don in cire shi daga zargi kawai.

Ta buɗe. Taɓawa ɗaya.

Mutumin da ya gane a ɗaura ludayi a igiya a ciro abu daga rijiya, ba wannan ne zai gagare shi ba. Ya sani. Duk ranin nan da nake ta kawo shawara yana gwadawa, mabuɗin na cikin jakarsa. Ko tsoron abin da ke ciki yake yi, ko zaman da nake yi a gefensa ne ba ya so ya ƙare, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Abin da ke ciki ɗaki ne ba rufi, fari fat, ba tukunya ba takalmi. Ɗan mutumin ya shiga da kansa. Tun da muka fara wasannin nan ban taɓa ganin ɗayansu ya taka ba a taɓa shi ba. Ya yi ta tafiya yana ƙanƙancewa, bai waiwayo ba, har ya ɓace. Sai wasan ya koma ƙofar gari.

Wayar Malam kuwa ta fara mutuwa tana kamawa. 'Yata ke yi mata caji a gidanta, a kan dutse, nesa da yara. Na yi ta tunanin ranar da za ta mutu gaba ɗaya yana tsaye a nan, da mabuɗi a jaka, cikin garin da ba kowa. Abin ya hana ni cin abinci. Yaya ba ta ƙara yi mini magana a kai ba, sai dai in ta ga na ɗauko wayar ta fita ta zauna a inuwa.

Ranar wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, gari ya yi tsit. Na zauna a gefen gadon inda na saba zama, na kunna. Na jira har ya juyo ya kalle ni. Na yi sallama a madadin Malam, na ɗan saurara. Sannan na ɗora ƙarfen a ƙofar.

Ya shiga. Na kira shi, ba na ɓoyewa, na ce Malam, tsaya. Fuskar wayar ta yi fari, ta koma ƙofar gari, jaka ba komai.

Kukan da na yi ranar ya fi na ranar da aka fita da shi. Yaya ta shigo ta riƙe ni, ita ma tana yi.

Wayar ba ta mutu ba. Na gama takaba, an yi girbi, an sake yin wani. Bayanta a ɗage, an ɗaure da roba, amma har yau in an danna tana kamawa.