Tafi Ɗaya na Malama Zuliha

Ajina manne yake da na Malama Zuliha, bango ɗaya ne tsakaninmu, don haka duk abin da zan faɗa a kanta da kunnena na ji, wani ma ba da son raina ba. Ni 'yan aji huɗu nake koyarwa. Ita kuwa 'yan rabin aji ne a hannunta, yara talatin da biyu 'yan shekara huɗu zuwa biyar, waɗanda in ɗaya ya fara kuka sai biyar sun taya shi.

'Yar garin nan ce. Babanta manomin rani ne a bakin kanal, ita ma har ta gama sakandare tana tsinkar tumatir ranar Asabar. Sai da ta yi haihuwa uku sannan ta koma karatu Kano, kullum tana bin motar Bunkure da goyo a baya. Mijinta Nasiru mai gyaran injin ban ruwa yana mita yana kai ta tasha. Da ta samo takardarta ta tarar makarantarmu ba ta da ajin ƙanana, ta ishi hedimasta Malam Jaji da naci har ya ba ta ɗakin da muke jibge karyayyun bencina. Kwamitin iyaye ya yarda, amma gwaji na shekara ɗaya. Shugaban kwamitin, Baba Sammani, tun farko bai so ba. Shi a ganinsa yaron da bai iya ɗaure wandonsa ba, gaban uwarsa ya kamata ya zauna, kuma kuskure ɗaya yake jira ya sa a rufe ajin.

Da kakar bara aka kira ta kwas na kwana uku. Ta dawo ƙafarta ba ta taɓa ƙasa don zumuɗi, ta tare ni tun a bakin ƙofa.

"Malama Fa'iza, da kin ga hotunan da aka nuna mana! Yaran wata ƙasa suna tsintar jan ganye suna lissafi da shi. To ni ina zan samo jan ganye? Darbejiyar nan kullum kala ɗaya ce. Amma ai muna da kaka, gari ya cika da amfani!"

Ranar Alhamis ta tsayar da yaranta ta ce kowa ya zo Litinin da tafi ɗaya na abin da aka girbe a gidansu. Da shi za su koyi ƙirga, su ware fari da ja, su manna a kwali da ƙaro. Ina jin ta ta bango na san akwai kallo, amma na ja bakina na yi shiru. Wata uku yaranta suna hana ni jin muryar kaina.

Abin da ta manta, ita da aka haifa a nan, shi ne babu manomin da zai aika wa malamar ɗansa tafi ɗaya ana tsakiyar bugun shinkafa. Don a ce me? A ce gonar wane ba ta yi ba bana? Iliyasu, uban wani yaro a ajin, ya auna kwano biyu. Maƙwabcinsa Maikuɗi ya hango, ya cika baho. Kafin Lahadi magana ta zaga gari.

Wayyo Litinin! Tun ƙarfe bakwai mashina ke shigowa da rabin buhu-buhu. Ga damin dawa a amalanke, ga gyaɗa, ga wake, ga kabewar da sai mutum biyu suka ɗauka. Inno, wata tsohuwa mai jika a ajin daga rugar bayan kanal, ta ce su ba su yi noman kirki ba bana, ta dire ƙwaryar nono da zakara ɗaure da tsumma. Yara suna tsalle a kan buhuna, zakara yana cara, 'yan ajina sun cika taga. Buhun da ya fi kowanne girma daga gidan Baba Sammani ya fito, don jikarsa Nana tana ajin, kuma shi ba mutumin da za a fi ba ne.

Amma kafin azahar shi ɗin dai ya aiko wa hedimasta saƙo: malama ta kafa karɓar amfanin gona a hannun talakawa, kwamiti zai zauna Laraba a kan ajin.

"Ki mayar musu kayansu yau-yau," in ji Malam Jaji.

"Ranka ya daɗe, in na mayar wa Maikuɗi bahonsa a kan idon Iliyasu, ai na tozarta shi a garin nan. In kuma na riƙe, maganar Baba ta tabbata."

A gabana ta zauna a kan buhun wake ta yi hawaye. Na tausaya mata ƙwarai, na kuma ji kunyar shirun da na yi. Amma Zuliha ba ta iya daɗewa a zaune. Ta share fuska ta roƙi abu ɗaya: a yi zaman a ajinta, da hantsi, yara suna nan.

Laraba maza suka zo kai tsaye daga fadama, taɓo a ƙafa, suka takure a kan 'yan bencinan yara gwiwa har ƙirji. Na bar wa 'yan ajina aiki a allo na tsaya a ƙofa. Ta shimfiɗa tabarma ta jera murafen kwalba iri ɗaya, kowanne da ɗan hatsi daga gida guda, babu suna babu alama. Ta ce kowane yaro ya nemo na gidansu.

Ni kaina na zaci shirme za a yi. Ashe yaran da suka tashi a masussuka sun san hatsi kafin su san baƙi. Ɗan Iliyasu ya ɗauki nasu ya ce shinkafarsu doguwa ce. 'Yar Maikuɗi ta shinshina ta ce tasu tana warin hayaƙi. Duk wanda ya dace sai ya ƙirga goma a gaban ubansa, ajin ya ɗauki tafi. Mazan da suka shigo fuska a murtuke suka fara miƙa wuya, kowa yana jiran nasa.

Aka zo kan Nana. Ta bi layin a hankali, ta tsuguna ta ɗauki murfi ɗaya.

"Wannan tamu ce."

"Ta yaya kika gane?" in ji Zuliha.

"Tana da jajaye a ciki. Baba bai cire ba."

Ta shiga tsince su tana jerawa a tabarma: ɗaya, biyu, uku, har bakwai. Ga Baba Sammani, mutumin da shekara da shekaru yake cika baki a majalisa cewa irinsa ba gauraye! Maikuɗi ya yi dariya har benci ya kife da shi. Baba Sammani ya jawo yarinyar ya ce, "Sake ƙirgawa in ji." Ta sake, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Nan Zuliha ta durƙusa ta ce, "Iyayena, laifina ne da ban zo na yi muku bayani da kaina ba. Abin da zai cika tafin yaro kawai nake bukata. Sauran na yaran nan ne, ku za ku faɗi yadda za a yi da shi." Aka ɗan yi gardama, aka tsayar a dafa wa makarantar gaba ɗaya ranar hutu, Inno ta ce ita ce a kan tukunya.

Maganar rufe aji kuwa babu wanda ya tayar, kuma babu wanda ya ce an fasa. Zuliha tana tsaye tana murza gefen hijabinta, ta kasa tambaya. Baba Sammani ya miƙe da ƙyar, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya ya ɗaga kai yana duban kwanon rufi inda rana ke shigowa ta huji uku.

"Malam Jaji," ya ce, "a nemo kafinta kafin damina. Yaran da za a kawo baɗi sun fi waɗannan ƙanƙanta, ruwa ba zai yi musu kyau ba."

Sai da ƙarar mashin ɗinsa ta yi nisa sannan Zuliha ta rangaɗa guɗa, yara talatin da biyu suka taya ta.