Furar da Nake Tsammani ta Kaka Ce

Ranar wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da na cika sha biyu, mushe, wato malaminmu, ya tara mu gindin itacen bedin lakwal, makarantar ƙauyenmu da ke kusa da Galma, ya karanta sakamakon jarrabawa. Ni na zo na ɗaya. Ban tsaya ɗaukar takalmana ba, na sheƙa da gudu har bakin rijiya inda mata ke jan ruwa, na ɗaga takarda sama ina kiran Inna. Matan suka saki guga suka hau guɗa. Inna kuwa ko kallona ba ta yi ba. Ta gyara gammo, ta aza tulunta, ta ce wa ƙanwata ta gaya wa "yaron can" awaki na jiran ruwa.

Ni ne ɗanta na fari, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta jansa a jiki gaban mutane. Tun da aka yaye ni a ɗakin kakata Hajjo nake kwana. Daga can nake fita kiwo, in je fadama ban ruwan albasa, in dawo mu yi langa da ƙwallon tsumma har magariba. Duk na san wannan al'ada, amma ranar nan zuciya ta ɗebe ni, don na ga an gwale ni gaban mutane. Na buɗe baki, a gaban matan gari kaf, na ce da ma na sani ba ta ƙaunata, in ba ita ta haife ni ba a faɗa mini. Inna ta wuce, ruwa na zuba a kafaɗarta, ba ta waiwayo ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Hajjo, wadda kullum ke tsokanata da "maigidana marowaci", ranar ba ta yi wasa ba. Ta zaunar da ni ta rarrabe mini kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a gero. Abin da Inna ta yi, in ji ta, kunya ce da kara, kuma ado ne ga mace. Abin da na ji a raina muzanta ce, wadda ke wucewa kafin tuwon dare ya huce. Abin da ni na yi kuwa sunansa cin fuska, shi ne tozarta mutum a inda ba shi da bakin ramawa, domin ko Inna ta so ta kare kanta, kunyar nan ba za ta bar ta ta ce tana sona ba. Sannan ta miƙo mini hannuwanta da suka ƙandare da ciwon sanyi.

"Hurar da kaka iskewa bakin ƙohwa kullum da sahe, wa kaka tsammani ka dama ta? Hannun nan nau? Shekara biyar rabona da taɓarya."

Nan na gane Inna ce ke dama ta, na so ƙasa ta tsage in shige. Washegari furar na nan a inda take, har da nono fiye da na kullum. Na sha ina hawaye, ban kuwa ba Inna haƙuri ba, don ban san yadda ake fara irin wannan magana da ita ba.

Yanzu a Madawa nake zaune, ina jin matata na ƙwala wa ɗanmu na fari kira da sunansa tun daga ƙofar gida, har ta rungume shi a gaban baƙi. Ba na ganin laifinta. Sai dai nakan tuna Inna, wadda ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunana ba, ni ma ban taɓa furta haƙurin da ya kamata in ba ta ba. Shirunta kunya ce, nawa kuwa abin kunya.